WAKE ƊAYA KE ƁATA GARI: YADDA ZA A BI DA MAI DAGULA WASAN LABARI



Batun da na ɗauko a wannan fitowa zai yi wa wasunku kamar bai kai a ɓata masa takarda ba, gama magana ce ta wasa. Amma wasa ya sha raba abokan da suka tashi tare, kuma yaron da aka wulaƙanta a wurin wasa yakan daɗe bai manta ba. Ina magana ne a kan wasan labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons, da abin da ya kamata a yi idan mutum ɗaya a cikin ƙungiya ya zama ƙaya a wuyan sauran. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a yi wa mutumin magana tun da wuri, a keɓe, baki da baki. Kada a rama ta cikin wasan, kada kuma a yi shiru da sunan haƙuri. Idan an bi duk matakai ya ƙi gyaruwa, a sallame shi cikin mutunci.

WANE IRIN WASA NE?

Wasan bai yaɗu a wurinmu kamar ludo ko dara ko whot ba, saboda haka bari in ɗan bayyana shi. An fara sayar da Dungeons & Dragons a shekarar 1974 a garin Lake Geneva da ke jihar Wiskonsin ta Amurka. Mutum biyu ne suka tsara shi, Gary Gygax da Dave Arneson, kuma bugun farko kwafi 1,000 ne kacal. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ya fara buga shi, a 1999 kuma Hasbro ya sayi Wizards of the Coast. Bugu na biyar ya fito a 2014, aka sake gyara shi a 2024. Yau akwai ɗaruruwan wasanni irinsa, wasu na bincike, wasu na tarihi, wasu na tafiya sararin sama. 'Ya'yanmu da ke jami'a da waɗanda ke karatu a ƙasashen waje suna haɗuwa da shi, wasu kuma suna buga shi ta intanet. Ko a Najeriya harkar wasannin kan tebur ta fara kafuwa, domin a 2021 kamfanin NIBCARD Games na Abuja ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake girmamawa ƙwarai a wannan fage.

Ga yadda ake yi. Mutum huɗu zuwa shida sukan zauna. Ɗaya shi ne jagoran wasa, shi ke bayyana gari da daji da mutanen da aka tarar a hanya. Sauran kowa yana da jaruminsa, wanda ya ƙirƙira ya rubuta halinsa da ƙarfinsa a takarda. Jagora ya ce, ga kogi ya cika kuma gada ta karye, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da 20. Ba a sa kuɗi, kuma ba wanda ake cewa ya cinye wani. Ya fi kama da tatsuniyar da kowa yake da baki a cikinta. Zama ɗaya yakan ɗauki awa 3 ko 4, labari ɗaya kuma yakan kai watanni, wani lokaci shekaru.

Na san wasu iyaye sun ji labarin tsoron da wasan ya tayar a Amurka. A 1979 wani ɗalibin jami'a a jihar Mishigan ya ɓace, jaridu suka ɗora laifin a kan wasan, daga baya ya bayyana cewa matsalolinsa na rayuwa ne suka sa ya gudu. A 1983 Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, amma kotu ta yi watsi da ƙararrakin da ta shigar. Ko abin da ke cikin wani littafi ya dace da gidanku, wannan hukuncin iyaye ne, kuma akwai wasanni da yawa da babu tsafi ko aljanu a cikinsu. Damuwata a yau ita ce mutanen da ke kewaye da teburin, gama daga nan ne yawancin ɓacin rai ke fitowa.

ME YA SA MUTUM ƊAYA KE IYA ƁATA SHI?

A dara ko ludo, doka ce ke riƙe da kowa. Ko abokin wasanka ya cika surutu, ba zai iya jefawa sau biyu a jere ba tare da dalili ba, kuma cikin ɗan lokaci an gama kowa ya kama gabansa. Wasan labari kuwa da magana ake yinsa, kuma abin da ake rabawa shi ne lokaci da kunnen jama'a. A yi lissafi: 'yan wasa biyar a zaman awa 4. Idan ɗaya ya cinye awa 2 shi kaɗai, sauran huɗu kowa ya tashi da minti 30, bayan ya biya kuɗin mota ya kuma ba da yammacinsa duka. Jagora kuma watakila ya kwana biyu yana shirya labarin. Idan haka ta maimaitu mako bayan mako, ba sai an kori kowa ba, mutane za su janye da kansu.

Masu dagula wasa iri-iri ne, kuma ba daidai suke ba. Akwai mai babakere, wanda kowace ƙofa shi zai buɗe, kowane sarki shi zai yi wa magana, yana katse na kusa da shi. Akwai mai gardamar doka, wanda zai tsayar da wasa na minti 20 yana buɗe littafi, kuma abin lura shi ne ba ya tuna dokar sai inda za ta amfane shi. Akwai mai ɓarna, wanda jaruminsa zai saci kayan abokan tafiya ko ya kashe mutumin da ake neman taimakonsa, idan aka yi magana ya ce ai halin jarumin ke nan. Akwai mai maguɗi, wanda ke jefa ƙwaya a ɓoye ya ɗauke da sauri. Ƙwaya mai fuska 20 tana ba da lamba 20 sau ɗaya cikin jefawa ashirin a ƙiyasi, kuma samun ta sau uku a jere sau ɗaya ne cikin 8,000. Wanda ke samun haka kowane mako, ba sa'a ce ke binsa ba. Akwai mai latti da mai danna waya, wanda sai an maimaita masa komai. Sai na ƙarshe, wanda ya fi duka muni, mai fakewa da labari yana kawo maganar batsa, ko yana yi wa wata yarinya shisshigi, ko yana ba'a ga ƙabilar wani ko naƙasarsa, idan an nuna ɓacin rai ya ce wasa ne.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, a tambaya ko mugun hali ne ko kuwa bambancin abin da ake so. A 2002 wani marubucin wasanni ɗan Kanada, Robin Laws, ya fitar da ɗan littafi don jagorori, inda ya nuna cewa mutane ba abu ɗaya ke kawo su teburin ba. Wani faɗa yake so, wani dabara, wani ya shiga rigar jaruminsa ya yi magana da muryarsa, wani kuma zaman tare da abokai ne kawai ya kawo shi. Mai son faɗa idan aka zaunar da shi awa 3 ana ciniki a kasuwar labari, gajiya za ta sa ya tsokano rigima. Wannan ba mugu ba ne, jagora ne zai raba abincin yadda kowa zai samu abin da yake ci. Haka nan wani yana katse mutane ne saboda ɗoki, wani kuma yana da wahalar gane fuskar mutane idan sun gaji da shi. Irin waɗannan sau da yawa kalma ɗaya a fili ta ishe su. Amma na ƙarshen nan da na ambata, mai cin mutuncin mutane, ba ya cikin wannan uzuri.

MAGANI BIYU DA BA SA WARKARWA

Na farko shi ne ramuwa ta cikin labari. Jagora yana da iko a kan duniyar wasan gaba ɗaya, saboda haka jaraba ce babba ya sa dutse ya faɗo a kan jarumin mai damunsa. Wannan dabara tana da tsohon tarihi. A littafin jagora da Gygax ya fitar a 1979, ya ba da shawarar cewa za a iya aiko wa jarumin ɗan wasa mai taurin kai tsawa daga sama, ko wani dodon da ba a iya kauce masa, ko a rage masa maki, kafin a kai ga kora. Da dukan girmamawa ga wanda ya kafa wasan, ina ganin wannan shawara kuskure ce. Laifin na mutum ne mai rai da ke zaune a kujera, ba na hoton da ke takarda ba. Idan ka kashe jaruminsa, bai san dalili ba, zai ɗauka rashin sa'a ce ko kuma ƙiyayya, sai ya ƙirƙiro wani jarumin da ya fi na farko fitina. Sauran kuma sun ga cewa alƙalin da suka amince da shi yana murɗa hukunci idan ransa ya ɓaci, daga ranar ba za su ƙara sakin jiki da shi ba. Hannunka mai sanda yana da wurinsa, amma wanda bai gane shi ba sau biyu, sai a kira shi a faɗa masa.

Na biyu shi ne shiru. Wannan ne ya fi kama mu, gama an rene mu da cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, kuma gaskiya ne. Amma mu tambayi kanmu, haƙurin wa ake kashewa? A 2003 wani marubuci, Michael Suileabhain-Wilson, ya rubuta maƙala a kan kurakuran tunani guda biyar da ke damun irin waɗannan ƙungiyoyi. Na farkonsu shi ne ɗaukar cewa duk wanda ya ware wani mugu ne, na biyu kuma cewa aboki na gaskiya ba ya taɓa yi maka gyara. Ya lura cewa da yawa daga cikin irin waɗannan mutane an taɓa ware su, saboda haka sun ƙudura ba za su yi wa kowa haka ba. Niyyar tana da kyau, amma ga abin da take haifarwa: ƙungiyar da ta ƙi sallamar mutum ɗaya takan rasa uku. Waɗanda ke tafiya kuwa su ne masu kunya, da sababbi, da 'yan mata. Ba sa yin faɗa, sai dai su ce aiki ya yi yawa, kuma ba a ƙara ganinsu. Wanda ya ce shi bai kori kowa ba, ya kori waɗannan, bambancin kawai shi ne bai faɗa da bakinsa ba.

HANYAR DA NAKE GANIN TA DACE

Mataki na farko tun kafin a fara ne, gama rigakafi ya fi magani. Masu wasan suna da abin da za mu kira zaman share fage, wato zama guda da ba a wasa a cikinsa, sai tattaunawa. Wane irin labari muke so? Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi? Idan mutum ba zai zo ba, yaushe zai sanar? An yarda jarumi ya cuci jarumin abokinsa ko ba a yarda ba? Idan gardamar doka ta taso, jagora ya yanke nan take a ci gaba, a duba littafi bayan an tashi. Za a jefa ƙwaya a tsakiyar tebur inda kowa ke gani. Wannan al'ada ta karɓu har kamfanin Wizards of the Coast ya sa ta a cikin wani littafinsa na 2020. Akwai kuma dabarar da Ron Edwards ya bayyana a 2003, wadda zan kira iyaka da labule. Iyaka ita ce abin da ba zai shigo labarin ba ko kaɗan. Labule kuwa abin da zai iya faruwa amma ba za a tsaya ana bayyana shi ba. John Stavropoulos kuma ya fito da kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiya, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa katin a wuce wurin, ba sai ya ba da dalili ba. Wasu suna yi wa waɗannan abubuwa dariya. Amma mu da muke zaune da mutanen da suka ga ƙona gidaje da idanunsu mun san cewa akwai wanda ba zai iya zama yana jin ana bayyana harin ƙauye don nishaɗi ba, kuma bai kamata a tilasta masa ya tona cikinsa a gaban jama'a kafin a tausaya masa ba. Amfanin share fage shi ne, ranar da matsala ta zo, ba ra'ayin jagora za a kawo wa mutum ba, alkawarin da shi kansa ya ɗauka za a tuna masa.

Mataki na biyu shi ne magana a keɓe, kuma da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a yi ta a tsakiyar wasa, kada a yi ta a dandalin WhatsApp na ƙungiya inda kowa ke karantawa, gama wanda aka kunyata a fili kare kansa zai yi. A faɗi abin da ya faru dalla-dalla: “Ɗan'uwa, ranar Asabar sau uku ka katse ƙanwarmu tana magana, bayan haka ba ta ƙara cewa komai ba.” Wannan ya fi a ce masa ya cika son kai, domin mutum yana iya daina katse magana gobe, amma bai san ta inda zai fara daina zama abin da aka kira shi ba. Sannan a saurare shi. Watakila ya gaji da labarin, watakila akwai damuwa a gida. A ƙarshe a faɗi abin da ake so ya canza a fili. Idan ya kawo uzurin nan na halin jarumi, amsar mai sauƙi ce: kai ka rubuta jarumin, kai ke motsa shi, ka rubuta wanda zai iya tafiya da jama'a.

Mataki na uku, idan bai ji ba, a kira mutum ɗaya ko biyu daga cikin ƙungiyar a sake zama, a kuma gaya masa sarai cewa idan abin ya ci gaba ba za a iya ci gaba da shi ba. Dattawanmu za su ga cewa wannan tsari ba baƙo ba ne, gama shi ne na Matiyu sura 18. Ina kuma roƙon sauran 'yan wasa kada su bar wa jagora wannan kaya shi kaɗai. Shi ma ɗan wasa ne da ya zo ya ji daɗi, ba ɗan sanda ba ne. Idan kuwa jagoran ne kansa mai dagulawa, yana fifita abokinsa ko yana jin daɗin wulaƙanta jaruman mutane, matakan ba su canza ba.

Mataki na huɗu shi ne rabuwa. A yi ta da gajeriyar magana, babu zagi, babu jera tsofaffin laifuffuka, kuma babu ƙarya. Wasu ƙungiyoyi sukan ce an daina wasan, sai su koma wani gida su ci gaba a ɓoye. Ranar da ya gano, kuma zai gano, ciwon ya ninka. A gaya masa gaskiya, cewa wannan tebur bai dace da shi ba a yanzu, amma ana nan ana gaisawa, ana cin abinci tare, ana zuwa ƙwallo tare. Abu ɗaya ne ba ya jiran waɗannan matakai: idan akwai taɓa jikin wani ba da yardarsa ba, ko barazana, ko babba yana neman keɓewa da ƙaramin yaro, a tsayar da shi a ranar, a kuma sanar da iyaye da waɗanda ya kamata su sani.

Wani zai ce, idan muka sallame shi, ina zai je? Watakila ba shi da wasu abokai. Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa na sa matakai uku kafin na huɗu. Amma yarinyar da ta daina zuwa saboda shi, ita ma watakila ba ta da wasu abokan. Ban da haka, mutumin da kowa ke jurewa ba wanda ke gaya masa gaskiya, ba a taimake shi ba. Zai kai wannan hali wurin aiki da gidan aure, inda ba za a yi masa sassaucin da abokan wasa suka yi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

GA IYAYE DA DATTAWA

Idan 'ya'yanku suna wannan wasa, ku zauna ku kalli zama ɗaya. Kada ku tsaya ga hotunan littafi kawai, ku duba wa ke magana, wa ya yi shiru, wa ake yi wa dariya. Idan sun zo muku da ƙara, kada ku ce ai wasa ne ku rabu da shi, kada kuma ku yi amfani da damar ku hana wasan gaba ɗaya, gama ba za su ƙara kawo muku ƙara ba. Ku koya musu yadda ake fuskantar aboki ba tare da an zubar masa da mutunci ba. Saurayin da ya iya yin wannan a kan tebur yana ɗan shekara 17, zai iya yinsa a kwamiti yana ɗan shekara 40, kuma duk mun san yadda muke bukatar irin waɗannan mutane.

Allah ya ba mu hikima da ƙarfin hali. Amin.